Bokitan Misis Tuckwell

Shekara talatin da ɗaya Maureen Tuckwell ta yi tana share majami'ar kwalejinmu, ni kuma ina gadin ƙofa, don haka ba labari aka ba ni ba. Burinta ɗaya ne a duniya. Duk ma'aikacin da ya cika shekara ashirin da biyar, a majami'ar ake masa jana'iza, a kaɗa masa tsohon ogan ɗin majami'ar, wani katon abin kiɗa mai bututu dubu biyu. Shi take jira. Ba ta iya kiɗa ba, amma ta san in aka kunna hitar ɗumama majami'ar lokacin sanyi, katakon cikin ogan ɗin yakan bushe ya tsage. Shi ya sa duk Litinin take rarrafawa ta ƙaramar ƙofar baya ta ajiye bokiti huɗu cike da ruwa.

Sai aka kawo mana Dakta Fenwick ya shugabanci majami'ar. Mutumin ya rubuta littafi mai shafi ɗari uku kan tarihin ogan ɗin, amma bai taɓa leƙa cikinsa ba, don kada gizo-gizo ya ɓata masa riga. Ranar da ya fara buɗe ƙofar, don ya burge wasu baƙi ne, ya kuwa tsoma ƙafa cikin bokiti.

"Misis Tuckwell, wannan wane irin ƙauyanci ne? Ɗakin wanki muka buɗe?"

"Ranka ya daɗe, ƙishirwa yake ji. In babu ruwan, tsagewa zai yi."

"Ƙishirwa? To ki haɗa masa shayi mana, har da biskit."

Baƙi suka ƙyalƙyale da dariya. Daga ranar ya hana ajiye ruwan, ya karɓe mabuɗin. Manyan farfesoshinmu, masu ilmin da ba ya iya ɗaura kan famfo, suka goyi bayansa suna tsakiyar cin gasasshen rago.

Sanyi biyu kacal aka yi, katako ya tsage, wani bututu ya riƙa kuka shi kaɗai ana cikin addu'a. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna sau tara, ya yanke shawarar a rufe ogan ɗin da tamfol.

A watan Fabrairu Maureen ta rasu. Aka aro ɗan abin kiɗan lantarki daga ɗakin hutawar ɗalibai, aka ɗora shi kan tebur kusa da akwatin gawar. Na yi kuka, kuma rabinsa na baƙin ciki ne, rabinsa na haushi. Dakta Fenwick ya hau mumbari ya yi wa'azi mai ratsa jiki. Ya ce abin da ba zai taɓa mantawa da shi game da ita ba shi ne biyayya.