Sawun Dugadugansa a Kan Katako

Ni ban iya rubutu ba, ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta mini wannan. Na ce mata ta sa kamar yadda na faɗa, ko da ina kuka.

Mai gidana masunci ne. Da ƙarfinsa ya ƙare, jirginsa ma ya tsufa, sai ya farfasa shi ya kafa dandamali da katakon a ƙofar ɗakinmu, bisa turaku, don in kogi ya cika ruwa na shigo mana gida. Nan yake wuni yana gyaran komar kamun kifi ta mutane. Yakan tokare dugadugansa a wuri ɗaya ya ja zare, yau da gobe, har katakon ya lotsa wuri biyu, ya yi santsi. Da ya rasu, in na zauna na sa ƙafafuna cikin lotsawar nan, sai in ji kamar fita ya yi zai dawo.

Ranar da na fita takaba na wanke komai na gidan, kamar yadda ake yi. Na wanke dandamalin da sabulun salo, na dirje shi da soso. Da ya sha iska sai na ga ya yi fari-fari, ya bushe kamar ƙafar tsohuwa. Na ɗauko man kaɗe na shafe shi, don haka nake yi wa akushi da turmi tun ina amarya.

Maƙwabciyata, wadda ke kawo albasa daga garin Garou, ta leƙo ta ce, "Yaya, damina ce fa. Ga ragowar berni da aka shafa wa ƙofarmu, sa masa kada ya ruɓe." Berni wani ruwa ne mai ƙyalli da ake rufe katako da shi. A yammacin ranar na shafa, da tsumma, na ƙara a wurin dugadugan don nan na fi so ya daɗe.

Da safe na tarar ya yi fari kamar an zubar da nono. Na taɓa, hannuna ya manne. Na ce rana za ta busar da shi. Ba ta busar ba. Yashi ya manne, gashin kaza ya manne, ƙudaje suka mutu a kai. Na zuba ruwan zafi, farin ya ƙaru. Na goga kalanzir, ya zama kamar ƙaro. Wurin zaman mai gidana ya koma abin da ko akuya ba ta hawa.

Sai na aika a kira wani kafinta mutumin garin Guéné. Ya zo a babur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karce katakon da farce ya shinshina.

"Inna, mi kika shafa kafin bernin?"

"Man kaɗe."

"Man kaɗe! Inna, katako ne ko jaririya?"

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari. Ya ce berni ba ya kama mai, kuma katakon bai bushe ciki ba lokacin da na rufe shi. Farin nan ruwa ne da ya rasa hanyar fita. In an bar shi haka, zai ci katakon daga ciki.

Na ce, "To wanke mini shi, ɗana."

"Ba ya wankuwa. Sai an fere saman duka, har a kai ga sabon katako."

Na nuna masa lotsawar nan biyu, na ce ya fere ko'ina amma ya bar nan. Ya danna babban yatsansa a ciki, wurin ya yi taushi. Ya ce, "Nan ne ya fi lalacewa, Inna. Nan ruwa da mai suka taru. In na bar shi, daga nan ruɓar za ta fara."

Na shiga ɗaki. Ina jin ƙarfen da yake ferewa da shi yana tafiya a kan katakon, yana dawowa. Ban fito ba sai da ya yi sallama.

Aikinsa ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Dandamalin ya yi sumul, ja-ja, kamar yau aka sare itacen. Ya ce in bari ya bushe sosai kafin a shafa komai. Maƙwabciyata ta ce ya fi da kyau.

Na kwashe ɓawon da ya fere na zuba a ƙwarya, ban san wanne ne na wurin dugadugan ba. Kullum ina hawa in zauna, ƙafafuna na lalube, ba sa samun komai.