Sallamar da Muhaimin Bai Amsa Ba

Ƙanena Muhaimin shi kaɗai ne a gidanmu bai gaji wuƙa ba. Mu mahauta ne a Garoua ta ƙasar Kamaru tun kakanni, amma shi tun yana ƙarami ko jinin kaza ya gani sai ya kau da kai. Da ya girma ya kama ɗaki a unguwar Djamboutou, daga shi sai kwamfuta da fanka mai ƙara.

Sana'arsa kuwa sai an yi haƙuri wajen bayani. Kamfanoni na da na'urorin ƙirƙirarriyar basira, masu amsa tambaya kamar mutum. Shi aikinsa ya yaudare su, da izinin masu su, har su faɗi sirrin da aka hana su faɗa, don a toshe ɓarakar kafin ɓarayi su gano ta. Da ya gaya wa Baba haka, Baba ya ce, "To, ƙarya dai ake biyanka ka yi." Daga nan bai ƙara tambayarsa komai ba.

Wannan magana ta ci Muhaimin, ko da yake zurfin cikinsa ya fi rijiya. Ya ƙudurta sai ya samo satifiket na ƙwarewa a wannan fanni, ya kai wa Baba shaidar cewa aikin halal ne. Ya daina zuwa majalisa, abokai suka gaji da kira suka bari. In na kai masa tuwo, sai in tarar da na jiya a rufe. Wallahi tausayi yake ba ni, haushi ma yake ba ni.

Jarrabawar ta intanet ake yi, kamara na kallonka daga wata ƙasa. Ba a magana, ba a tashi, kowa ba ya shigowa. Ka saɓa, an soke. Inna ta ji ranar da za a yi jarrabawar, ita da ba ta san wannan doka ba, ta matsa wa Baba ya je ya sa masa albarka. Mutumin da bai taɓa taka ɗakin ba ya bar teburinsa da hantsi, ya hau babur ɗin haya ya tafi.

Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Muhaimin ya gane muryar, bakinsa har ya buɗe, sai idonsa ya faɗa kan kamara. Baba na jin fanka, yana jin ƙarar maɓallai, ya san da mutum a ciki. Ya sake yi, ya yi ta uku, sannan ya juya kamar yadda addini ya koyar.

Muhaimin ya ci jarrabawar. Ya buga satifiket ɗin a takarda mai kauri, na raka shi kasuwa.

"Baba, ga *certificat* ɗin. Ranar nan doka ce ta hana ni amsawa."

Baba ya dubi takardar, bai karɓa ba. "Ɗaga ta, kada jini ya taɓa," ya ce. "Ni dai ban san aikin da ke hana ɗa amsa sallamar ubansa ba." Ya juya ga wata mai sayen nama, suka shiga gaisawa da Fillanci.

Muhaimin ya daɗe a tsaye da takardar a sama, ƙudaje na sauka a kanta. Da ya ga ba za a sake duban inda yake ba, ya ce mini, "Yaya Talatu, mu tafi."