Hannun Inna a Zanen Hajiya Babba

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Haɗejiya. Inna ta ɗauki lauje za mu fadama, domin tun da safe ake ta faɗa a unguwa cewa kogi ya fara tumbatsa, wanda bai yanke shinkafarsa ba ya hanzarta. Muna bakin zaure jakadiyar gidan hakimi ta tare mu, wai Hajiya Babba, uwargidan hakimin, tana kira. Gonar da muke ci tun rasuwar Babanmu aron gidan ce, don haka Inna ta jingine laujen ta bi ta.

Ashe mai zane aka ɗauko daga Kano zai zana Hajiya da fenti, irin wanda ake ratayewa a falo. To amma mace mai daraja irin tata ba ta zama a gaban baƙon namiji ya ƙare mata kallo. Sai aka ba shi hoton fuskarta, jikin kuma aka ce a nemo wadda tsayinsu ya zo ɗaya ta zauna a madadinta. Inna ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ruwa yana tahowa, a bar ni in yanke shinkafa tukuna." Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Shinkafar a gonar wa take?"

Kwana uku Inna tana zaune a kan kujera kamar an dasa ta, an lafta mata leshi da sarƙar zinariya da awarwaro. Da yamma in na je kai mata labari, sai in tarar mai zanen yana ta zuba bayani, wai carbin da ke hannun dama tsoron Allah ne, kafaɗa a miƙe ita ce sarauta, tafin hagu a buɗe kuwa kyauta ce. Kyauta fa! Matar da ko ƙanzon tuwo sai ta sa an kulle. Ni da yayata Ladi muka yi ta yankan abin da muka iya, ranar farko ruwa iya gwiwa, washegari iya ƙugu. A rana ta uku kwalekwale ne yake wucewa ta kan gonar.

Abin da har yau na kasa mantawa shi ne ranar da aka gama. Hajiya ta toshe hanci da gefen mayafi, ta sa aka ɗauki kayan da tsinin sanda, ta ce a wanke su a turara, wai suna ƙarnin fadama. Inna ta dawo gida da goro biyu a bakin zani. Tir! A shekarar nan tuwon dusa muka ci har kaka ta zagayo.

Bara na shiga gidan hakimin don gaisuwar biki, na ga zanen yana nan a falon jikokinta, 'yan mata suna ta ɗaukar hoto da waya a gabansa. Wata tana cewa, "Ku dubi hannun sarauta, bai taɓa riƙe taɓarya ba." Fuskar ko kallo ba ta ishe ni ba. Inna ta daɗe da rasuwa, ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba, don haka na matsa kusa na tsaya. Tabon lauje yana nan a babban yatsan hagu, mai zanen bai goge shi ba.