Juma'ar da Muka Bar Injin Shi Kaɗai

Da sunan Allah, wanda ya halicci ranaku bakwai, ya ware ɗaya ya ce a taru.

Ni haifaffen gefen Challawa ne, amma a Sharaɗa na yi ƙuruciyar aikina, a nan kuma furfura ta same ni, a wani kamfanin roba da ke yin butoci. In ka taɓa yin alwala da buta mai ratsin kore da fari a masallacin unguwarku, to mai yiwuwa ta bi ta hannuna tun tana da ɗumi.

Injin da muke tsaro tsoho ne, ya girmi wasu ma'aikatan. Ana zuba masa ƙwayar roba ta sama, ya narkar da ita a cikinsa, ya hura ta a cikin wani ƙarfe mai siffar buta, sannan ya tofo. Halinsa guda ne: ba a kashe shi da rana, ba a kuma barinsa shi kaɗai. In an kashe shi da roba a ciki, sai ta daskare kamar ƙashi, a yi kwanaki ana sassaƙa. In an juya masa baya, zafi ya hau, robar ta ƙone, hayaƙi ya kori kowa. Dole a sami mutum a gefensa, kunne a buɗe.

Mu biyu ne muka san shi a aikin rana, ni da wani Badamagare. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san irin zaman da muka yi. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, aka kwashe shekara ashirin da wani abu ba a gano wanda ya sayi wani ba. Kwano ɗaya muke ci. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifina, ni kuma na je har Damagaram ɗaurin auren ɗansa na fari.

Amma ba mu taɓa yin sallar Juma'a tare ba. In ladan ya kira, duk kamfanin sai ya watse, ɗayanmu ya bi jama'a, ɗaya ya zauna ya yi azahar ɗinsa a gefen injin, mako mai zuwa a juya. Mun kai maganar gaban malami, ya ce lalura ce, Allah ya ga zuciya. Mun taɓa roƙon wani Kirista daga ɓangaren ɗaure kaya ya riƙe mana, mutumin kirki, ya amsa da murna. Tun ba mu kai ƙofa ba injin ya yi masa tari sau ɗaya, sai ga shi ya wuce mu a guje. Muka haƙura. Wanda ya je masallaci shi ke kawo wa ɗan'uwansa labarin huɗuba, kuma Badamagare bai taɓa kawo ta daidai ba.

"Yau liman a kan rowa ya yi magana," zai ce. "Walle har ya riƙa duban wurin da ka saba zama."

Bara ne aka kawo wani injiniya, saurayi mai ladabi, ya yi ta liƙa wa injin ƙananan idanu da wayoyi, ya kafa wani akwati a jikin bango. Ya ce ƙirƙirarriyar basira ce. Za ta riƙa kallo tana saurare, ta koyi halin injin kamar yadda muka koya, sai dai ita ba ta gyangyaɗi. Mu dai muka raɗa mata ɗan sa-ido.

Ranar farko injiniya ya so ya burge mu. A jikin injin akwai rubuce-rubucen da muke yi wa juna da alli, da ajami, don ni da ajamin na tashi a zauren mahaifina, shi ma Badamagare haka. Injiniya ya haska wurin da wayarsa ya ce ta karanta. Sai ga wata murya mai sanyi, irin ta masu karanta labaran duniya, ta ce, "Bakano ya cinye naman ya bar mini ƙashi, Allah ya isa." Badamagare ya zube a kan buhun roba yana shessheƙar dariya. Ya ce tunda abin ya fara da faɗin gaskiya, shi ya yarda da shi.

Wasa-wasa abin ya koya. Da farko mu ke riga shi jin tarin injin. Daga baya muka yi kunnen doki. Wata rana ina ɗaga hannu zan rage wuta, sai na ga ta ragu da kanta. Na tsaya da hannuna a sama kamar mai ba da hanya a titi.

Ana cikin haka gwiwoyin Badamagare suka ce sun gaji. 'Ya'yansa suka matsa ya koma gida, aka tsayar da ƙarshen wata. Da na duba, Juma'a ɗaya ce ta rage masa a Kano, kuma layina ne na tafiya. Sai wani tunani ya faɗo mini wanda ya hana ni cin abinci da kyau. Na je na sami injiniya, na ce ko za mu iya tafiya masallaci mu biyu.

Ya ce, "Baba, ai abin da nake ta roƙon manaja ke nan. Ya ƙi yarda a gwada sai ku kun ce za a iya. In kuka tafi ku biyu, zai zauna ya gani da idonsa. In abu ya ɓaci, na'urar da kanta za ta zubar da robar ta huce injin, ta kira ni a waya."

Na ce, "In kuma bai ɓaci ba fa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar katin da ke wuyansa. "Baba, in na ce muku ba za a rage mutane ba, na yi ƙarya. In na ce za a rage, ban sani ba."

Na kai wa Badamagare maganar muna cin garau-garau, ina zaton zai yi tsalle. Sai ya ajiye cokali.

"Ba ni zuwa."

"Bawa yana musu da ubangidansa?"

"Bakano, bar wasa. Ni na ɗaure kayana. Kai kana da 'yan mata uku a gida ba ka aurar ba. In manaja ya ga injin nan ya yi awa guda ba mutum, gobe zai ce ya yi yini. Ka je sallarka, in zauna kamar kullum. Wa ya ce sai mun jera kafin Allah ya karɓa?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta shige ni. Na yi kwanaki ina juya ta. Tsoro na ji, ba kaɗan ba, don mai shekaruna in ya fita daga kamfani, sai dai gadi. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga motar Damagaram ta tashi da shi, ni kuma ina tsaye a tasha da wannan abu ɗaya da ba mu yi ba. Ranar Alhamis na ce masa abin da ke zuwa yana zuwa, ko mun tsare ƙofa ko mun buɗe, kuma wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Na ce in bai bi ni ba, ni ma ba ni zuwa, sai mu zauna mu biyu mu rasa Juma'ar, alhakin a wuyansa.

Ya dube ni. Ya ce, "Ka ga sharrin Kanawa ko? Har da sallah sai sun yi ciniki."

Ran Juma'a ya zo da wata shuɗiyar shadda a leda, da kwalbar turare. Ni ma na zo da farar rigata. Muka canza kaya a bayan buhuna muna ture juna kamar angwaye. Manaja, wanda ba Musulmi ba ne, ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da injin, ya harɗe hannu. Badamagare ya je gaban akwatin bango ya ɗaga yatsa.

"Kai ɗan sa-ido, amana ce. In ya yi tari, kada ka tsorata, tsufa ne."

Muryar ta ce ta ji, Allah ya karɓi ibada. Muka kalli juna, muka fita da baya-baya.

Da muka wuce ƙofar kamfani, wani abu ya kama mu wanda ban san sunansa ba. Dattawa biyu, ɗaya yana ɗingishi, muna tafe muna dariya ba dalili, kamar awakin da aka kwance da hantsi. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya ce, "A'a, ku biyu? To wa ke ciki?" Badamagare ya ce, "Mun yi ƙane." Har mai rake sai da ya bar yanka ya bi mu da kallo.

Muka tari napep. Da direban ya ji labarinmu, ya ce ai a wasu ƙasashen har mota ke tuƙa kanta. Badamagare ya ce madalla, nan gaba na'ura za ta yi noma, ta yi daka, ta yi dako, ɗan Adam ba shi da aiki sai zumunci. Duk gaisuwar mutuwar da ba a je ba a je, duk mara lafiya a duba shi har ya gaji ya warke. Ya ce Kanawa ne kawai za su sha wuya, don Bakano in bai sayar da wani abu ba a yini zazzaɓi yake yi, ƙarshenta sai ya sayar wa na'ura da na'ura. Na ce to ni tambayata ɗaya: butar da ba a biya kowa ladan yin ta ba, wa zai sami abin sayenta? Direba ya ce wannan sai malamai. Badamagare ya ce in bari sai bayan sallah, yau ba ranar hankali ba ce.

Surutu ya sa muka makara. Mun tarar liman ya hau mumbari, masallaci ya cika, jama'a sun malalo kan titi. Muka sami gefen wata tabarma muka zauna, muka bar ɗan taƙi a tsakani saboda ya miƙe gwiwarsa. Ko daidaita zama ban yi ba, sai ga wani bawan Allah, ƙato, mai babbar riga da ta sha sitati, ya zo ya dire a wannan ɗan taƙin kamar an sauke buhun gero. Ya raba mu.

Ga shi ana huɗuba, ba halin magana, ko ka ce wa wani yi shiru ka yi asarar lada. Na leƙa ta gaban cikin mutumin, Badamagare ya leƙo ta baya. Na koma baya, ya dawo gaba. Na yi wa mutumin nuni da ido, ya ɗauka gaisuwa ce, ya gyaɗa mini kai da fara'a. Allah ya yafe mini, ban san a kan me aka yi huɗubar ranar ba. Abin da nake ta faɗa a zuci shi ne, ya Rabbi, na sa abincin 'ya'yana a faifai saboda kafaɗar bawan nan, kada ka ba ni ta wani.

Aka tayar da iƙama, jama'a suka miƙe, sahu ya motsa. Sai gurbi ya buɗe a sahun gabanmu, daidai saitin Badamagare. Wani dattijo ya waiwayo ya yafito shi ya cike. Na ga ya ɗaga ƙafa, don ba a ƙin cike sahu. Sai ya tsaya, ya dafa bayan mai babbar riga da hannu biyu, cikin girmamawa, ya ce, "Alhaji, bisimilla, ku ne manya." Ya tura shi gaba a hankali kamar ana shigar da mota gareji. Mutumin har da godiya.

Kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ashe ta fi tawa ƙasa, ban taɓa lura ba. Ɗan yatsan ƙafarsa ya nemo nawa ya manne. Liman ya yi kabbara, muka yi. Nan fa jarrabawa ta zo, don ina jin kafaɗar tana rawa, na san dariya yake dannewa, ni ma tawa ta taso har wuya, ga shi ƙyalƙyala ɗaya ta isa ta ɓata sallar da muka yi shekaru muna jira. Na cije leɓe na kafa ido a wurin sujada. Can cikin Fatiha rawar ta canza. Da muka kai goshi ƙasa na ji yana jan hanci, ni ma tabarmar gabana ta jiƙe.

Bayan sallama ya riƙe hannuna bai saki ba har aka gama addu'a. Sannan ya ce, "Ashe haka kake ƙaurin roba a sahu? Bayin Allah sun yi haƙuri."

Da ƙafa muka koma, a hankali. Tun daga nesa muka kasa kunne. Ba hayaƙi. Injin yana ta bugawa daidai, kamar ma ya fi natsuwa da ba ma nan. Ta taga muka hango tulin butoci, da manaja a tsaye yana waya, bakinsa har kunne.

Badamagare ya ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Na gani."

"Mu shiga?"

Na ce ya bari tukuna. Na sayo mana rake, muka zauna a kan benci a bakin ƙofa muna sha, muna jin ƙarar ta cikin bango, yana ta ƙorafin wai na ba shi wajen gaɓa.

Ya tafi a ƙarshen watan. Ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba. Ni ina nan, an haɗa mini injin biyu ina zagayawa, an ce in shekara ta juyo za a sake duba yawan ma'aikata. Ban san abin da za a gani ba. In an ce in tafi, zan tafi, kuma ko a ranar ba na jin zan ce da na sani. Allah ya sa mu cika da kyau, mu da abin da hannayenmu suka ƙera.