Malama Fara-daga-Farko

Yayata ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koya wa yaran sakandare yadda ake rubuta labari. Tambayoyi biyar take rubutawa a allo duk shekara, har hannunta ya haddace su: wane ne tauraron, a ina yake, me yake so, me ya tare masa hanya, yaya aka ƙare. Ajinta yana can ƙarshen baranda, fankarsa ta daɗe da mutuwa, tagar baya kuma da kwali aka toshe ta. Yaron da ya rufe labarinsa da “sai na farka, ashe mafarki ne”, takan ja masa jan layi ta rubuta: koma ka kwanta ka ƙarasa. Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Fara-daga-Farko, don da ka buɗe baki abin da za ka ji ke nan.

Matsalar ita ce ba ta barin halin a makaranta. Ka ce mata ka gamu da wani a hanya, sai ta ce wane wanin, wace hanyar? Mai gyaran famfo ya taɓa ajiye sifanarsa ya ce, “Malama, famfo na zo gyarawa, ba jarrabawa ba.” Marigayi mijinta kan ce shi kaɗai ne magidancin da ake ba maki a kan hirar bayan cin abinci. Muna dariya, amma a gaskiya abin da gajiyarwa. Ita kanta a gajiye take, kullum ta dawo da buhun takardu a hammata, yatsunta fari fat da alli, ƙafafu a kumbure.

Autarta ce ta same ni a shagon ɗinkina, ta jira masu awo suka watse. Ta ce ta ji ƙullutu a ƙirjinta, an yi gwaji, likita ya ce sai an yi aiki. Na riƙe hannunta.

“Mamanki ta sani?”

“A'a, Anti. Kuma don Allah kada ki faɗa mata. Da bakina nake so ta ji.”

Na yi mata alkawari. Ta gwada kuwa, a gabana ma. Yaya na zaune a tabarma tana duba rubutun yara, Auta ta raɓa kusa da ita ta ce, “Mama, kin san ranar nan da na je wajen matar nan, to, dama tun kafin nan...”

“Wace ranar? Wace matar?” Ko ɗago kai Yaya ba ta yi ba. “Fara daga farko, Auta. Kin yi girma da wannan kwan-gaba-kwan-baya.”

Auta ta ce ba komai, ta tashi ta ɗora ruwa. Raina ya ɓaci, kamar in fizge jan biron nan in wurga waje. Amma alkawari kaya ne, na haɗiye.

Haka ranar aikin ta yi ta matsowa. Ana cikin haka zangon karatu ya zo ƙarshe, muryar Yaya ta dushe sosai saboda ɗaga murya a aji mai cunkoso. Likita ya ce ta rufe baki gaba ɗaya in tana son muryar ta dawo. Sai ta koma magana da takarda: in tana son abu, ta rubuta ta miƙo.

Ana gobe za a kwantar da Auta na ja ta har ɗakin Yaya. Na ce, “Yau dai babu mai katse ki. Yi maganarki.”

Ta fara daga tsakiya. Ta yi zancen rigar asibiti, ta koma kan ranar da take wanka, ta tsallaka ga wanda zai riƙe mata yaronta, ta dawo kan likita. Babu kai babu gindi. Na ga hannun Yaya ya lalubo biro, ya ja takarda. Ta rubuta “Tun yau”, za ta ce tun yaushe, sai kalmar aiki ta faɗo daga bakin Auta. Biron ya tsaya cak.

“Na sha zuwa in faɗa miki, Mama,” in ji Auta, hawaye na zuba. “Kullum sai ki ce in fara daga farko. Ni ban san farkonsa ba. Ƙarshen ma ban sani ba.”

Matar da ba ta taɓa karɓar labari marar ƙarshe daga hannun kowa ba ta ture takardun yara gefe, har suka zube a ƙasa. Ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinyarta. Ta buɗe baki, na ce, “Yaya, likita fa ya hana.” Ko kallona ba ta yi ba. Muryar ta fito a shaƙe, da kyar ake jinta.

“Bar ƙarshen, Auta. Ƙarfe nawa za mu tafi?”