Hoton da Ba Mu Ɗauka Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye ina rabon magani a ɗakin yara aka zo aka ce min kin rasu, Inna. Wai kin idar da sallar asuba kika ce kanki yana sara miki, kika kishingiɗa, shi ke nan. Na ajiye tiren a gefen gado, na rasa gane yaron da na bai wa magani da wanda ban bai wa ba.

Shekara goma sha tara kina shara a wannan asibiti, tara daga ciki a ƙarƙashina. Inna Sannu-sannu muke ce miki, kina amsawa da dariya, kina cewa ai sannu ba ta hana zuwa. In yaro yana barci ba kya jan bokiti a ƙasa, ɗaukarsa kike yi, duk da ciwon bayanki. In kin ga uwa ta kwana biyu ba ta runtsa ba, sai ki jingine tsintsiya ki karɓi jaririn, ki ce ta je ta watsa ruwa. Kowane gado sai kin janye shi kin durƙusa kin goge ƙarƙashinsa. Duk wannan a idona ake yi.

Amma ni ce na kawo allon, ba wani ba. Shekara uku ke nan, na dawo daga wani kwas ina ji da kaina, an koya min cewa ɗan Adam ba ya motsi sai da kwaɗayi ko tsoro. Na sa aka kafa allo a bakin ƙofa da sunayenku ku shida. Wadda ta gama ɗakunanta kafin likita ya fara zagaye, tauraro. Wadda ba ta gama ba, jan layi. Ƙarshen wata a ɗauki hoton mai taurari mafi yawa a manna a sama, a ba ta hutun kwana guda. Mai jan layi uku a mako kuwa, a cire ta daga ɗakin yara, ta koma baranda da banɗaki.

Kuma abin ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Masu jan ƙafa suka koma gudu. Suka gane inda nake shafa yatsa in na zo dubawa, wato bakin taga da saman lokar gefen gado, sai wajen ya riƙa ƙyalli. Ke kaɗai kika ƙi sauya tafiya. Kullum ke ce ta ƙarshe, ni kuma na yi ta kau da kai, har makon da na ga idanun sauran a kaina suna jira su ga ko dokar ta kowa ce.

Ranar layi na uku kin makara ne saboda wata yarinya ta riƙe miki hannu ana neman jijiyarta, ta ƙi saki. Na sani sarai. Na ɗauki jan biro, kina tsaye da bokitinki, kika ce, "Sista, ja layinki, aikinki ne. Amma yaron da cokalinsa ya faɗa ƙarƙashin gado, baki zai mayar da shi. Shi bai san da allo ba."

Na ja. Kika koma baranda.

Bayan wata biyu birona ya suɓuce a ɗakin wadda hotonta ke saman allo. Na sunkuya ɗauka, na ga abin da aka tura ƙarƙashin gado: auduga mai jini, ɓawon lemo, ƙura ta yi tuli. A nan na gane. To me ya hana ni dawo da ke? Shugaban asibiti ya yaba allon a gaban taro, ya ce sauran sassa su yi koyi da ni. Ni ma taurarona nake karewa, Inna. Kullum in na wuce ki kina goge baranda sai ki ce, "Sista, ina 'ya'yana?" In ce suna lafiya, in ƙara sauri. Na ce a raina sai ƙarshen wata zan mayar da ke in nemi gafara. Ƙarshen wata huɗu ya wuce, kunya da girman kai suka riƙe min baki.

Jiya 'yarki ta zo kwashe kayanki, silifas ɗinki da kofi da sallaya. Ta tsaya gaban allon tana kallo, ta ce, "Anti, ashe ana ɗaukar su hoto. Don Allah ki taimaka min da na Inna, ba mu da ko ɗaya tana cikin kayan aiki."

Na buɗe durowa na zazzage ambulan a kan tebur. Hoto talatin da shida, na bi su ɗaya bayan ɗaya alhali na san abin da zan tarar. Na ce mata babu. Ta ce ba komai, wataƙila ya ɓata ne. Har godiya ta yi min. Na kasa ce mata bai ɓata ba, ba a taɓa ɗauka ba ne.

Na cire allon da hannuna, amma wadda zan ba haƙuri ba ta nan. Wallahi zuciyata ta karye, Inna. Ki yafe min.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da ƙannenta biyu da jikokinki, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Ya Allah, Kai da babu abin da ke ɓuya gare Ka, Ka ga durƙuson baiwarKa a inda babu mai dubawa. Ka jiƙanta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka biya ta duk ladan da muka hana ta. Amin.