Zoben Usaina

A Unguwar Juma, cikin birnin Zariya, in mace ta haihu aka ce Hassana ce za ta yi mata wankan jego, sai 'yan barka su dubi mai jegon suna dariya su ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ruwan Hassana ba na wasa ba ne. Tukunyarta ta ƙarfe takan ci bokiti shida, kuma ba ta sauke ta sai ruwan ya yi ta tsalle yana zubowa cikin murhu. Ta tsoma ganyen dogon yaro ta fyaɗa wa mace a baya, safe da yamma, kwana arba'in cif. A fito daga banɗaki a tarar da kwanon kunun kanwa yana jira, kanwar nan ta ji har kunun ya yi kore-kore. A ɗaki kuma ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, taga a rufe. Wadda ta yi raki, Hassana ta ce, "Da kike cin amarci ai ba ki kira ni ba."

Wannan zafin hannu yana da mafari. Hassana 'yar tagwaye ce. Abokiyar tagwaicinta, Usaina, ta rasu kwana ashirin da shida bayan haihuwar fari. Ƙafafunta ne suka fara kumbura, sai tari, sai ya zama ba ta iya kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango. Hannunta ya hau har zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama, sai da aka aika wa maƙeri ya ba da abin yanka kafin a yi mata wankan gawa. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. To wa ya bari sanyi ya shiga? Hassana ta yanke hukunci ita kaɗai cewa Goggo Kande ce, wadda ta yi wa Usaina wanka, ta yi ƙyashin itace. Shekara ashirin da bakwai ba ta ƙara gaishe da matar nan ba, ko a gidan biki ko a gidan mutuwa. Ta ɗauki jaririyar da Usaina ta bari, Radiya, ta goya, ta kuma koyi sana'ar da rantsuwar cewa babu macen da sanyi zai kashe a hannunta.

Radiya ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar firamare, ta auri Abdulhamid mai ɗinkin manyan riguna. Ranar da za a kai ta ɗakin miji Hassana ta sa mata zoben nan, wanda ta ba maƙeri ya liƙe tun tuni. Da cikin fari ya tsufa Radiya ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, aka sami mace, aka sa mata Usaina.

Nan fa Hassana ta zage. 'Ya'yan wasu ma ta dafa su, balle tata? Ta sayi itace kura guda. Ta ninka kanwa. Radiya ta ce, "Inna, a wajen awo fa an ce mu rage gishiri da kanwa." Hassana ta ce, "Masu awon su suka goya ki?"

Kwana goma sha takwas, silifas ya daina shiga ƙafar Radiya. Hassana ta gani, ta ce sanyi ya sami kafa, sai ta ƙara wuta, ta mai da kunu sau uku a rana. Kwana ashirin da biyu, Radiya ta fara tari, in ta je bakin rijiya ta dawo sai ta zauna tana haki kamar wadda ta hau dutsen Kufena.

Ran nan da hantsi Sista Elisabatu ta zo barka daga Wusasa. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, sun san juna da Hassana shekara da shekaru, don sukan haɗu a gidajen haihuwa, kowa na ganin ɗayar ce ba ta san aiki ba. Elisabatu na ce mata Uwar Tafasa, ita kuma tana ce mata Sarkin Allura. Tana ɗaga labulen ɗakin zafi ya buge ta, ta ja da baya.

"Hassana, gurasa kike gasawa a nan?"

Ba ta jira amsa ba ta zauna bakin gado, ta danna babban yatsanta a ƙaurin Radiya. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Dariyar ta ɓace daga fuskarta. Ta tambayi yarinyar yadda take barci. Radiya ta saci kallon Innarta, ta ce a hankali, "A zaune, Mama. In na kwanta sai in ji kamar an danne ni cikin ruwa."

Elisabatu ta ja Hassana tsakar gida. "Wannan ba sanyi ba ne. Zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jikinta. Yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Kanwa gishiri ce, tana ƙara riƙe ruwan, zafin nan kuma yana ƙara wa zuciyar aiki. A kai ta asibiti yau, ba gobe ba."

Ran Hassana ya ɓaci ƙwarai. "Mata nawa na yi wa wanka a garin nan? Ki je ki ƙirga su, suna nan da jikokinsu. Mai jego kuma ta fita ba ta yi arba'in ba, iska ta buge ta a titi? Sista, ki sha kunu ki kama hanya."

"Kunun naki ba zan sha ba," in ji Elisabatu, "kuma ba inda za ni." Ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna a gindin bango.

Hassana ta zuba kunu a kwano ta shiga ɗaki da fushinta. Radiya na zaune ta jingina da bango, baki a buɗe, jaririya a cinya. Ta miƙo hannu za ta karɓi kwanon, sai idon Hassana ya sauka kan zoben. Ya nutse cikin yatsa, naman ya taso ta gefe da gefe ya kusa rufe shi.

Ta tsaya da kwano a hannu. Wancan karon ta ce ƙyashin itace ne. To wannan karon wa ya yi ƙyashi? Ita ta hura wutar da hannunta, ita ta auna kanwar, ba ta tsallake wanka ko ɗaya ba. Ga bango, ga zama, ga zobe, babu abin da ya canza. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, sai kuma kunya ta biyo baya. Amma Hassana ba mai tsayawa kuka ba ce alhali akwai aiki. Ta fito ta juye kunun a kwata, ta ɗebi ruwa ta kashe garwashin, ta tura taga.

"Sista, tashi ki samo mana keke napep."

Ta kira Abdulhamid a waya. Ya ce, "Inna, ba ta fa yi arba'in ba. Me dangina za su ce?"

"Su ce Hassana ta haukace. Uwarta ma ba ta yi arba'in ba, kuma an fitar da ita, a makara. Ka same mu a asibiti."

Lungunsu keke ba ya shiga, don haka suka riƙo Radiya su biyu, da rana tsaka, mata na leƙowa ta zaure suna salati. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Hassana, ke da kanki?" Hassana, da jaririya a baya, ta ce, "Ni da kaina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Suka fita ta Ƙofar Doka, tana riƙe da hannun mai zoben har suka isa.

Kwana goma sha ɗaya Radiya ta yi a kwance. Aka sa mata abin numfashi, aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa. Hassana, wadda ba ta taɓa tambayar kowa komai a kan jego ba, ta addabi likita da tambaya har nas-nas suka sa mata suna ɗaliba. Likitar ta gaya mata gaskiya cewa ba wanka ne kaɗai ke kawo ciwon ba, yakan zo ko babu shi, amma kanwa da gashi suna ƙara masa ƙarfi, jinkiri kuma shi ke kisa. Ta ce kada Radiya ta sake ɗaukar ciki sai an gwada an ga zuciyar ta warware, ko da zai ɗauki shekaru.

Abdulhamid ya sunkuyar da kai yana murza hula. Hassana ta buɗe baki za ta yi masa tatas, sai Radiya ta riga ta. "Malam, ni zan yi tazarar. Na tashi ban san fuskar uwata ba. Ba na so 'yata ta tashi haka." Ya ɗago kai ya tambayi likita wace hanya ce ta fi dacewa da mai irin ciwonta. Hassana ta rufe bakinta, abin da mutanen Unguwar Juma za su ce ba su taɓa gani ba.

Ba ta bar sana'a ba. Har gobe ita ake kira, sai dai yanzu takan sirka ruwan ta gwada da gwiwar hannu, kununta babu kanwa, taga a buɗe. Kowace safiya kafin wanka sai ta danna ƙaurin mai jego ta tambaye ta yadda ta yi barci. Wasu surukan sun sallame ta, sun ce ta tsufa ta koma wankan jarirai. Ta ce su je, amma duk gidan da ta ji ana gasa mai jego sai ta shiga ko ba a gayyace ta ba, ta faɗi abin da ta gani, a kore ta, gobe ta dawo. Mata uku ta raka asibiti a shekara biyu, ɗaya ma sai da ta yi cacar baki da mijin a zaure.

Akwai gida ɗaya da ta fi jin nauyin shiga. Mako guda bayan an sallamo Radiya ta je, ta tarar da Goggo Kande a kan tabarma, idanu sun tafi. Ta durƙusa ta faɗi sunanta, ta nemi gafara. Tsohuwar ta ce, "Hassana, wallahi ban taɓa hura wa kowa wuta kamar yadda na hura wa Usaina ba. Da na ga tana kumbura har itacen girkina na ƙara. Shekarun nan duk ina cewa bai isa ba ne." Suka zauna su biyu suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun ranar.

Da ta dawo gida bayan la'asar ta leƙa ɗaki. Radiya na barci a kwance, shame-shame a rigingine, ko matashi babu, ƙaramar Usaina a gefenta. Hassana ta matsa a hankali ta kama yatsan, ta murza zoben. Ya juya, ta sake murzawa ya sake juyawa. Ta gyara mata zane, ta fita ta ɗora ruwan wankan yamma.